Injin da Ya Koyi Mantuwa: Waiwaye a kan Rage Cin Ƙwaƙwalwa a Injinan Ƙa'idojin Kasuwanci

Injin ƙa'idojin kasuwanci manhaja ce da ake ɗora wa nauyin yanke ƙananan hukunce-hukuncen da banki ko kamfanin inshora ko hukumar haraji ke yankewa sau dubbai a kowace rana, kamar tantance wanda ya cancanci rance, da ƙayyade kuɗin da mai neman inshora zai riƙa biya, da dakatar da turin kuɗin da aka ga alamar zamba a cikinsa. Abin da ya raba shi da sauran manhajoji shi ne an zare ƙa'idojin daga jikin manhajar an ajiye su wuri guda, kowace da siffa iri ɗaya ta sharaɗi da sakamako, wato idan kaza da kaza suka tabbata a aikata kaza, ta yadda za a iya sauya ƙa'ida ba tare da an taɓa ginin manhajar ba. Injin yana gudanar da aikinsa ne a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ma'adanar wucin gadi da masana ke kira RAM, wadda ta fi faifan ajiya sauri nesa ba kusa ba, amma ta fi shi tsada da ƙarancin fili, kuma duk abin da ke cikinta yana gushewa da zarar an kashe na'ura. Wanda ya waiwayi tarihin waɗannan injina na kusan shekara 50 zai ga cewa masu ƙera su sun fara ne da koya musu tuna komai domin su yi sauri, sannan suka shafe shekarun da suka biyo baya suna koya musu abin da ya kamata su manta.

Asalin wannan fasaha yana komawa ne ga binciken ƙirƙirarriyar basira da aka gudanar a Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka, inda Allen Newell da Herbert Simon suka yi amfani da tarin ƙa'idoji na sharaɗi da sakamako wajen kwatanta yadda ɗan Adam ke warware matsala, aikin da suka tattara a littafinsu na 1972. Injin irin wannan yana zagaye ne a kan matakai uku: yana gwada sharuɗɗan ƙa'idoji da bayanan da ke gabansa, yana zaɓar ƙa'ida ɗaya daga cikin waɗanda sharuɗɗansu suka cika, sannan yana zartar da ita, kuma tun da zartarwar na iya ƙara sabon bayani ko ta goge tsoho, sai a koma farko a sake gwadawa. Bayanan da ake gwadawar suna zaune ne a wani fili da ake kira ma'ajiyar aiki, jerin ƙa'idojin da suka shirya kuwa shi ake kira ajanda. Matsalar da ta bayyana tun da wuri ita ce matakin gwadawa yana cinye mafi yawan lokacin injin, domin a kowane zagaye sai an sake auna kowace ƙa'ida da kowane bayani, ko da kuwa bayani ɗaya tak ne ya sauya tun zagayen da ya gabata.

Maganin da ya mamaye fagen ya fito ne daga hannun Charles Forgy, wanda ya fara bayyana dabararsa a 1974, ya faɗaɗa ta a kundin digirinsa na uku a 1979, sannan ya buga ta a mujallar Artificial Intelligence a 1982 da sunan Rete, kalmar Latin mai nufin raga. Forgy ya lura da abubuwa biyu da suka zama ginshiƙin dabarar. Na farko shi ne bayanai ba sa sauyawa da yawa tsakanin zagaye da zagaye, saboda haka maimaita gwajin da aka riga aka yi asarar lokaci ce, gara a ajiye sakamakon a ci gaba daga inda aka tsaya. Na biyu shi ne ƙa'idoji da dama suna tarayya a sharuɗɗa iri ɗaya, don haka sharaɗin da ya bayyana a ƙa'idoji ɗari ana iya gwada shi sau ɗaya a raba sakamakon ga duka. Da wannan ne ya mayar da tarin ƙa'idoji wata raga mai mahaɗai, inda kowane sabon bayani ke shiga ta sama yana gangarowa ta mahaɗan da ya dace da su, kowace mahaɗa kuma tana riƙe da abin da ya ratsa ta.

Ragar tana da sassa biyu, kuma fahimtar bambancinsu ita ce mabuɗin dukkan zancen ƙwaƙwalwa. Sashen farko, wanda ake kira alfa, yana gwada bayani ɗaya shi kaɗai, misali ko shekarun mai neman rance sun kai 18, ko kuɗin da aka tura ya haura wani adadi, kuma bayanan da suka tsallake gwajin ana tara su a taskar alfa. Girman wannan taska ba ya wuce yawan bayanan da aka shigar, saboda haka ana iya hasashensa tun kafin a kunna injin. Sashe na biyu, wanda ake kira beta, shi ne ke haɗa bayanai iri dabam-dabam, kamar haɗa abokin ciniki da asusunsa, sannan a haɗa su biyun da turin kuɗin da aka yi daga asusun. Duk haɗin da ya cika wasu sharuɗɗan ƙa'ida amma bai cika sauran ba ana kiransa guntuwar dacewa, kuma Rete tana ajiye waɗannan guntaye a taskar beta tana jiran ranar da bayanin da ya rage zai iso. A nan saurin dabarar yake, domin idan bayanin ƙarshe ya zo babu abin da za a sake lissafawa, kuma a nan ne bashin da ta ci yake, domin guntuwar da ba za ta taɓa cika ba ita ma tana da mazauninta a ƙwaƙwalwa.

A farkon lamari ribar ta rufe ido ga bashin. Harshen OPS5, wanda Forgy ya gina a kan Rete, shi ne John McDermott ya yi amfani da shi wajen rubuta manhajar R1, wadda daga baya aka san ta da XCON, domin kamfanin Digital Equipment Corporation. Aikinta shi ne duba odar da masu saye suka yi ta kwamfutocin VAX, ta tabbatar an haɗa sassan da suka dace da juna, ta kuma cike waɗanda aka manta. Ta fara aiki a masana'antar kamfanin da ke Salem a jihar New Hampshire a 1980, ƙa'idojinta suka tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai a cikin shekaru kaɗan, kuma ta zama hujjar da ake kafawa da ita cewa injin ƙa'idoji zai iya ɗaukar aikin kasuwanci na gaske. Sai dai yanayin aikin ya taimaka mata, domin oda ɗaya take dubawa a lokaci guda, bayanan da ke ma'ajiyar aikinta kuma ba su da yawa, ko da yake ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin wancan zamani ba ta wuce megabait kaɗan ba. Ƙa'idoji masu yawa a kan bayanai kaɗan shi ne filin da Rete ta fi ƙwarewa a kai, kuma sai da aka juya lamarin, bayanai suka yi yawa, sannan aibinta ya fito fili.

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna girman matsalar. A ɗauka ma'ajiyar aiki tana ɗauke da abokan ciniki 1,000 da odar kaya 10,000, sai wani ya rubuta ƙa'idar da ta ambaci abokin ciniki, ta ambaci oda, amma ta jinkirta sharaɗin da ke ɗaure su, wato lambar mai odar, zuwa ƙarshe. Injin zai haɗa kowane abokin ciniki da kowace oda, ya samar da guntayen dacewa miliyan 10, kuma idan kowace ta ci bait 50 kacal, ƙa'ida ɗaya ta lashe kusan megabait 500. Idan aka ƙara nau'in kaya 100 a matsayin sharaɗi na uku ba tare da ɗauri ba, guntayen za su kai biliyan 1, abin da zai durƙusar da injin tun bai yanke hukunci ko ɗaya ba. Da an sa sharaɗin lambar a wurin haɗin, da guntayen ba su wuce 10,000 ba, tun da kowace oda mai ita ɗaya ne. Wannan ninkuwa, wadda ke tafiya da ribanya adadi da adadi maimakon tara su, ita ce ta sa ƙara wa kwamfuta ƙwaƙwalwa bai taɓa zama cikakken magani ba, domin ninka ƙwaƙwalwa sau biyu ba ya kamo matsalar da ke ninkuwa sau ɗari.

Ƙalubale na farko mai ƙarfi ya zo ne daga Daniel Miranker, wanda ya yi bincikensa a Jami'ar Columbia da ke New York, ya kuma gabatar da dabarar TREAT a 1987. Miranker ya tambayi abin da kowa ya ɗauka tabbatacce ne, wato ko ajiye guntayen dacewa yana biyan wahalarsa a kowane hali. Ya nuna cewa a duk lokacin da aka goge wani bayani, Rete tana shan wahalar bin taskokin beta ɗaya bayan ɗaya tana tsince guntayen da bayanin ya shiga cikinsu, aikin da zai iya kai nauyin wanda aka yi wajen gina su. TREAT ta riƙe taskokin alfa da ajanda, ta yi watsi da taskokin beta gaba ɗaya, ta yadda idan sabon bayani ya shigo sai a lissafa haɗinsa nan take a fara daga shi kansa, idan kuwa an goge bayani sai kawai a cire ƙa'idojin da suka dogara da shi daga ajanda. Sakamakon gwaje-gwajensa ya nuna cewa a manhajojin da bayanai ke yawan shiga da fita, mantawa tana iya fin tunawa sauri, ban da sauƙin da take kawo wa ƙwaƙwalwa.

Mataki na gaba ya fi wannan zurfi, domin ya taɓa ajandar kanta. A 1990 Miranker, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Texas da ke Austin, tare da abokan aikinsa suka gabatar da dabarar LEAPS, wadda aka gina a kan lura cewa injin yana lissafa dukkan ƙa'idojin da suka shirya alhali ɗaya kawai zai zartar, kuma zartar da ita sau da yawa yana soke sauran. LEAPS tana neman dacewa ɗaya ce, ta zartar da ita, ta ajiye alamar inda binciken ya tsaya domin ta dawo idan an buƙata, kuma wannan shi ne abin da masana ke kira lissafin jinkiri, wato ƙin yin aiki sai buƙatarsa ta taso. A ɗaya ɓangaren, Robert Doorenbos ya tsaya a cikin gidan Rete ya gyara ta daga ciki. A kundin digirinsa na 1995 a Carnegie Mellon ya gwada raga mai ƙa'idoji sama da 100,000, ya kuma nuna cewa mahaɗar da ɗaya daga cikin taskokinta biyu ba ta da komai ana iya cire ta daga hanya na ɗan lokaci, a mayar da ita idan taskar ta samu abin ciki. Manufarsa ta farko ita ce rage ɓata lokaci, amma tunanin cewa sashen raga zai iya yin barci har sai an tashe shi ya zama iri da aka shuka, wanda ya yi tsiro bayan kusan shekara 20.

A daidai wannan lokaci injinan suna barin ɗakunan bincike suna shiga ofisoshi. Hukumar NASA ta fara gina CLIPS a cibiyarta ta Johnson a 1985 da harshen C, domin ta samu injin da zai yi aiki a kwamfutoci na yau da kullum. Ernest Friedman-Hill ya rubuta Jess da harshen Java a cibiyar bincike ta Sandia a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin ILOG na Faransa ya fito da JRules kafin IBM ya kammala sayensa a 2009, Bob McWhirter kuma ya fara Drools a 2001, wadda ta shiga ƙarƙashin kamfanin JBoss a 2005, sannan kamfanin Red Hat ya sayi JBoss a 2006. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma kiɗan kasuwanci ya bambanta da na ɗakin bincike. Mafi yawan hukunce-hukuncen banki da inshora ba sa buƙatar dogon zagayen da ƙa'ida ke haifar da bayani, bayanin ya tada wata ƙa'ida. Takarda ɗaya ce ke zuwa, a auna ta da ƙa'idoji, a ba da amsa, a wuce ga ta gaba. Wannan ya sa injina irin su JRules suka samar da tsarin bi-da-bi, inda ake gwada ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya a kan bayanan takardar ba tare da ajanda ko taskar beta ba. Abin da ya yi kama da komawa ga tsohuwar hanyar da Forgy ya gudu daga gare ta ya zama shi ne daidai, domin ajiye sakamako ba shi da amfani ga bayanin da ba za a sake ganinsa ba.

Haɗuwar waɗannan darussa ta fi bayyana a Drools ta 6, wadda ta fito a 2013 ƙarƙashin jagorancin Mark Proctor da sabuwar dabara mai suna Phreak. A tsohon tsari, da zarar an shigar da bayani sai ya gangara cikin raga yana haifar da guntaye a duk mahaɗar da ya taɓa, ko ƙa'idar tana da damar cika ko ba ta da ita. A sabon tsari ana tara bayanan da suka shigo a jira har sai an ba da umarnin zartarwa, ana kuma yanka ragar gida-gida, kowane yanki da alamar da ke nuna ko dukkan mashigansa sun samu bayani. Ƙa'idar da ko yanki ɗaya na hanyarta bai samu komai ba, ba a fara lissafa haɗinta, saboda haka ƙa'idar da ta shafi inshorar jirgin ruwa ba ta cin ƙwaƙwalwa a zaman da ake duba inshorar mota. Wannan dabara ba ta jefar da taskokin beta kamar yadda TREAT ta yi ba, ta dai hana a cika su kafin lokaci, kuma a cikinta ana iya ganin sawun Forgy da na Miranker da na Doorenbos a wuri guda.

Duk da wannan ci gaba, babu dabarar da ta sauke nauyi daga wuyan marubucin ƙa'ida, kuma shawarwarin da tsofaffin littattafan koyar da OPS5 da CLIPS suka bayar har yau suna nan daram. Sharaɗin da bayanai kaɗan ke cikawa shi ya kamata ya zo a farko domin ya tace tun daga bakin ƙofa, bayanin da ke yawan sauyawa ya zo a ƙarshe domin kada sauyinsa ya riƙa rushe abin da aka gina, kuma kowane haɗi ya zo da ɗaurinsa a wurin da aka yi shi. Haɗin da aka yi a kan daidaiton lamba yana ba injin damar gina fihirisa, wato jadawalin da ke kai shi kai tsaye ga bayanin da ake nema, kuma rubuta sharuɗɗa iri ɗaya da jeri iri ɗaya a ƙa'idoji daban-daban yana ba su damar tarayya a mahaɗai maimakon kowace ta gina nata. Akwai kuma kuskuren da teburan hukunci suka yawaita, wato jadawalin da ma'aikata ke cikawa a manhaja irin Excel, inda a Drools kowane layi ke zama ƙa'ida mai zaman kanta. Jadawalin farashi mai layi 50,000 zai haifar da ƙa'idoji 50,000, kowace da mahaɗanta, alhali abin da ke cikinsa bayanai ne da ƙa'ida ɗaya za ta iya dubawa. Gane bambancin abin da yake ƙa'ida da abin da yake bayani yana sauƙaƙa wa kamfanoni matsalar ƙwaƙwalwa fiye da yadda sayen sabuwar na'ura zai yi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan siffar ƙa'ida sai tsawon rayuwar bayani. Injinan zamani sun raba ginin ragar, wanda yake da nauyi kuma ake gina shi sau ɗaya, da zaman aiki, wanda ke riƙe bayanan hukunci guda, ta yadda dubban zama za su yi tarayya a raga ɗaya. Zama iri biyu ne: akwai wanda ake buɗewa a rufe a hukunci ɗaya, akwai kuma mai dogon rai wanda ke tara bayanai yana jiran ƙari. Na biyun shi ne mafarin yoyon ƙwaƙwalwa, wato halin da manhaja ke ci gaba da riƙe filin da ta gama amfani da shi, domin zaman da aka manta ba a rufe ba, ko bayanin da aka shigar ba a cire ba, suna taruwa a hankali har injin ya tsaya bayan kwanaki ko makonni yana aiki lafiya. A aikin gano zamba, inda turin kuɗi ke kwarara ba dare ba rana, an magance wannan da tagar lokaci, wato a gaya wa injin cewa abin da ya faru a minti 10 ko awa 24 da suka wuce kaɗai ya shafe shi, duk abin da ya tsufa ya fita da kansa. Haka kuma an koyi shigar da siririn bayani mai ɗauke da abin da ƙa'idoji ke dubawa kawai, a bar cikakken tarihin abokin ciniki a rumbun bayanai har sai an neme shi.

Ƙarƙashin duk wannan akwai harshen da aka rubuta injin da shi, wanda ga yawancin injinan kasuwanci Java ne, kuma shi ma ya yi nasa sauyin. Kowane abu da Java ta ƙirƙira a ƙwaƙwalwa yana zuwa da ɗan kai na bayanan gudanarwa, wanda a na'urori masu bit 64 yawanci bait 12 ne, kuma idan guntayen dacewa suka kai miliyoyi wannan ɗan kai yana zama kaya mai nauyi. An samar da hanyar matse manuni, wato adireshin da ke nuna mazaunin abu, daga bait 8 zuwa 4 muddin filin da aka ware bai kai kusan gigabait 32 ba, Java ta 25 da ta fito a 2025 kuma ta ba da zaɓin rage kan zuwa bait 8. Java ta 9 a 2017 ta rage filin rubutu da rabi ta hanyar ba kowane harafi bait ɗaya maimakon biyu, amma rangwamen ya tsaya ne ga haruffan Yammacin Turai, saboda haka sunan da ke ɗauke da ɓ ko ɗ ko ƙ ana ajiye shi gaba ɗayansa da bait biyu ga kowane harafi. Yawan abubuwa yana kuma wahalar da mai sharar ƙwaƙwalwa, wato sashen Java da ke tattara filin da aka daina amfani da shi, kuma tsayawar da yake yi domin shara ita ce abokin ciniki ke ji a matsayin jinkiri a gaban na'urar biyan kuɗi.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya sa ake ci gaba da wannan tsimi alhali wayar hannu ta yau ta fi kwamfutocin zamanin XCON ƙwaƙwalwa sau ɗaruruwa. Amsar tana cikin yadda sayen ƙwaƙwalwa ya koma haya. Tun bayan fitowar Docker a 2013 da Kubernetes a 2014, ana gudanar da manhajoji ne a cikin ƙananan akwatuna, kowane da iyakar ƙwaƙwalwar da aka yanka masa, kuma wanda ya ƙetare iyakar ana kashe shi nan take ba tare da gargaɗi ba. Hidimar Lambda da kamfanin Amazon ya ƙaddamar a 2014 tana cajin kuɗi ne gwargwadon ƙwaƙwalwar da aka ware da tsawon lokacin da aka yi aiki, saboda haka kowane megabait na banza yana ninkuwa da yawan kwafin injin da ke gudana, ya bayyana a takardar kuɗi a ƙarshen wata. Wannan ya ƙarfafa fassara ƙa'idoji zuwa harshen Java tun lokacin gina manhaja maimakon lokacin kunna ta, kamar yadda Drools ta 7 ta samar, ya kuma ƙara wa ma'aunin DMN farin jini, wanda ƙungiyar OMG ta fitar a 2015, inda ake zana hukunci a matsayin tebura masu karɓar bayani su ba da amsa ba tare da riƙe komai a tsakani ba.

Darasin da ya fi kowane dawwama a wannan tafiya shi ne babu dabarar da ta fi sauran a kowane hali. Rete tana nan da ƙarfinta a inda bayanai ke daɗewa suna sauyawa kaɗan-kaɗan, lissafin jinkiri ya fi dacewa da inda ƙa'idoji ke da yawa amma kaɗan ne ke tashi, tsarin bi-da-bi kuma ya wadatar a inda takarda ke zuwa ta wuce. Duk filin da aka ƙwato daga ƙwaƙwalwa ana iya biyansa da lokacin sake lissafi, saboda haka daidai ruwa daidai tsaki, kuma ba a sanin daidai sai an auna. Ƙwararru sun saba ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar injin yayin da yake ɗauke da kaya irin na ranar aiki, su buɗe shi da manhaja irin Eclipse Memory Analyzer, su ga mahaɗar da ta fi tara guntaye, kuma sau da yawa binciken yana ƙarewa ne a kan ƙa'idoji kaɗan da aka rubuta ba tare da ɗauri ba. Gyaran da aka yi bisa zato yana iya lalata ma'anar ƙa'ida, don haka kowane sauyi yana buƙatar a sake gwada shi da tsofaffin takardu a tabbatar hukuncin bai sauya ba.

Akwai abu ɗaya da wannan koyon mantuwa bai kamata ya shafa ba, shi ne dalilin hukunci. Guntuwar dacewa kayan aikin injin ce, zubar da ita ba ya cutar da kowa, amma bayanin ƙa'idar da ta hana mutum rance ko ta tsayar da kuɗinsa haƙƙin mutumin ne. Dokar Amurka ta 1974 kan daidaito a ba da bashi, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ta ba wanda aka hana bashi damar sanin takamaiman dalili, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta sa iyaka ga hukuncin da na'ura ke yankewa ita kaɗai, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta bi wannan sahu. Wurin ajiye wannan dalili shi ne faifai da rumbun bayanai, inda fili ke da araha kuma rubutu ke daɗewa, saboda haka tsimin ƙwaƙwalwa ba hujja ba ce ta kashe rajistar hukunci. Wajibi ne ga duk wanda aka damƙa wa irin wannan inji, ko injiniya ne ko shugaban sashe, ya auna kafin ya rage, ya rage abin da injin ke riƙewa domin kansa, ya kuma kiyaye abin da ake bin sa bashin bayani a kansa, domin bayan kowace ƙa'ida da ta tashi akwai mutumin da hukuncinta ya faɗa a kansa.